Kaka a Bakin Binuwai

A ƙasar Garwa ruwan sama kan ɗauke cikin watan Oktoba. Kafin Nuwamba ta yi nisa, hazo ya fara lulluɓe dutsen Tingelin da safe, kogin Binuwai ya ja da baya ya bar yashi fari fat. A lokacin ne hankalin manomi ke kwanciya. Aiki dai bai ƙare ba, domin auduga na jiran tsinka kafin motocin kamfanin Sodecoton su iso, masu masakwa kuma yanzu suka gama dashe a laka, sai wajen Fabrairu su yanka. Amma fargabar Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ta riga ta wuce.

Wannan kwanciyar hankali tana farawa ne da fitar da haƙƙin Allah. Za ka ga dattijo a tsaye a gona, carbi a hannu, yara na jera dammunan dawa. Tara nasa, na goma a ware gefe, na zakka ne. Ba ya yarda a kai ko zangarniya ɗaya rumbu sai an sallami wannan kason, a aika wa gwauruwa da maraya da malamin tsangaya. Mata masu kala su bi bayan masu girbi, ba mai korarsu. Daga nan a bar wa Fulani kara, shanu su ci su bar taki. A ganina babu tsarin da ya kai wannan adalci: gona ɗaya ta ciyar da gida huɗu.

Dare kuwa ya yi tsawo, ga sanyi. Almajirai na kewaye da wutar kara suna biya allo, tsofaffi mata na yi wa jikoki tatsuniya suna ɓarar gyaɗa, maza sun daɗe a masallaci bayan sallar lisha saboda ba sammakon gona. Auren da aka ɗaga tun bazara yanzu ake ɗaura shi, shi ya sa kasuwar Pitowa ke cika maƙil ranar Lahadi da masu sayen kayan ɗaki.

Abin da ke damuna shi ne yadda bikin ke cinye rumbu. Hatsi na araha da kaka, 'yan sari na jira da kuɗi a hannu, mai aurar da 'ya ya sayar da buhunan da zai nema da tsada idan damina ta kankama.