KOYON BABBAR JITA A GIDA BA TARE DA AN HANA MAƘWABTA BARCI BA

Duk wanda ya san ƙasar Dawakin Tofa ya san ba wurin da mutum zai yi tari a ɓoye ba ne. Tun daga Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi ta ke a kan hanyar Katsina, har cikin garin Dawaki, gida na jingine da gida, gona na haɗe da gona, sau da yawa kuwa abin da ya raba ɗakin mutum da na maƙwabcinsa bai wuce darnin kara ko siririyar katanga ba. To, a irin wannan wuri yaya saurayi zai yi idan ya ƙwallafa rai ga koyon babbar jitar nan ta lantarki mai kaurin murya, wadda makaɗa su ke kira bes? Maganar ta shafe mu, mu malamai, domin mu iyaye su kan kawo wa ƙara.

Bari mu fara da yadda aka ƙera abin. Garaya da molo kowannensu yana da ciki, watau ƙoƙo ko itace da aka fafe aka rufe da fata. Ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yana da nasa ɗan cikin komai ƙanƙantarsa. Wannan ciki shi ke karɓar rawar tsirkiya ya tura iska har kunne ya ji. Ita kuwa bes ba ta da ciki ko kaɗan. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, wanda ya fito da irinta da ta game duniya a 1951, da curin katako ya yi ta, ya ɗaura mata tsirkiya 4 na ƙarfe, ya sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashinsu. Maganaɗisun shi ke mayar da rawar tsirkiya ta zama lantarki, sa'an nan akwatin ƙara murya ya fitar da amon. In ba akwatin, wanda ke tsakar gida da ƙyar zai san ana kaɗa wani abu a ɗaki.

In an jona akwatin kuwa, sai labari ya sha bamban. Tsirkiya mafi kauri tana rawa wajen sau 41 a daƙiƙa guda, tsawon igiyar amon da ta ke aikawa cikin iska ya kai ƙafa 27. Amo irin wannan ba ya jin tsoron katanga. Yana ratsa ta, ya girgiza rufin kwano, ya iske tsoho a kan shimfiɗarsa gida biyu gaba. Malaman kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, ba za su sami misalin da ya fi wannan daɗin koyar da darasin sauti ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, rashin akwati ba hasara ba ce ga mai koyo. Ba ya jiran a kawo wuta, ba ya sayen man janareto, ba ya shiga haƙƙin kowa. Abin da ya ke bukata a watannin farko ba ƙara ba ce. Yatsun hagu su san mazauninsu a wuyan jita, su yi kanta, na dama su iya fizgar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Duk wannan ana samunsa a shiru. Ai Mdou Moctar, Buzun nan na ƙasar Nijar da ya zaga Turai da Amurka da kiɗansa, da jitar da ya harhaɗa da kansa da wayar birkin keke ya fara, domin a gidansu ba a son kiɗa.

Amma fa akwai rami biyu a wannan hanya, yaro ba zai gan su ba sai an nuna masa. Na farko, da ya ke ba ya jin kansa sosai, sai ya riƙa fizgar tsirkiya da ƙarfi kamar mai jan guga. Hannu ya saba da haka, ran da aka jona masa akwati cikin jama'a sai a ji ƙaras-ƙaras, tsirkiya na dukan ƙarafan wuya, shi kuma kafin waƙa biyu ya gaji. Na biyu ya fi wannan wuyar ganewa. Idan aka kaɗa tsirkiya ɗaya, sauran su kan ɗauki rawa su yi ta gurnani a hankali. Gwani ya kan danne su da babban yatsa ko da sauran yatsun da ba su aiki, su yi tsit. Wanda bai taɓa jin gurnanin ba bai san akwai abin dannewa ba, sai ya shekara yana tsammanin kiɗansa fes ya ke. Gyaran hannun da ya riga ya karkace kuwa ya fi koyar da sabo wuya, kowane malamin rubutu shaida ne.

Maganin bai da tsada. Ya jingina kan jitar da ƙyauren katako ko da teburi, nan take katakon zai zama mata ciki, murya ta fito daidai jin mutum ɗaya. Ko kuwa ya ɗora haɓarsa a kan jikinta, amon ya bi ta ƙashi ya shiga kunne. Wanda ya sami hali ya sayi ɗan ƙaramin akwatin nan mai batir da a ke jona wa abin sawa a kunne, irin wanda aka fara sayarwa a Amurka da sunan Rockman a 1982. Sai dai kada ya ƙure shi, don kunne ba shi da canji a kasuwa. Ban da haka, lalle ne ko sau ɗaya a mako ya nemi inda akwai babban akwati, nesa da gidajen kwana, ya saurari abin da hannunsa ya ke yi.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ainihin aikin mai bes, domin shi da mai ganga su ne ke riƙe da sauran makaɗa. Agogon bango ya isa malami a nan, a bi bugunsa a hankali, ba riga shi ba, ba bari ya wuce ba. Mu kam mun fi son yaro ya kasa kunne ga luguden mata da yamma. Taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, ba wadda ta ke karo da wata, ba kuma wadda ta ke latti.

Ga iyayen da ke tsoron ɗansu zai zama maroƙi, ba mu ce tsoronsu banza ba ne, su ne kuma da ikon gidansu. Abin da mu ke roƙon malamai da akawuna da a kan nemi shawararsu shi ne, kafin a kai ga ƙwace jitar a fara yanka wa yaro sharaɗi. Ya gama aikin makaranta da na gona tukuna, ya ajiye ta da an kira salla, bayan lisha kuwa ko ƙyauren ma kada ya jingina ta da shi.