Saɓanin Uba da Ɗa a Littafin Chinua Achebe

Littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe ya fito a Landan a shekarar 1958, aka fassara shi da faransanci a 1966 da sunan Le monde s'effondre. Galibi ana karanta shi a matsayin labarin zuwan Turawa ƙasar Ibo. Amma ginshiƙinsa saɓani ne tsakanin uba da ɗa, wanda ya bi zuriya ɗaya daga kaka har jika.

Unoka mabushin sarewa ne, malalaci, ya mutu da bashi a wuyansa ba tare da ya sami wani muƙami a Umuofia ba. Tun ɗansa Okonkwo yana yaro ya ji wani abokin wasa ya kira uban nasa da kalmar agbala. Kalmar tana da ma'ana biyu a harshen Ibo: mace, da kuma namijin da bai sami muƙami ba. A kan wannan gori Okonkwo ya gina halinsa. Duk abin da uban yake so, kamar kiɗa da sanyin hali, shi ya ƙi. Tsoron kada a ce rago ne ya sa ya sare Ikemefuna, yaron da ya yi shekara uku a gidansa yana kiransa baba, alhali wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu.

Kisan ya raba shi da ɗansa na fari, Nwoye, wanda daga baya ya bi mishan, ya koma Isaac. Sauya sunan nan shi ne yanke zumunci a fili. Sai dai gado ba ya ɓata: a littafin No Longer at Ease na 1960, Isaac ɗin nan ne ya ƙi yarda ɗansa Obi ya auri Clara, don ita osu ce, wato daga zuriyar da aka keɓe wa gunki. Ke nan kowane ɗa ya guje wa ubansa, amma da mudun uban yake auna kansa.

Akwai abin lura a nan ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci. Na farko, Hausa ba ta da kalma ɗaya mai ɗauke da ma'anonin agbala biyu. In mai fassara ya ce rago kawai, rabin gorin ya zube. Na biyu, a Maraɗi ko Damagaram alkunya takan hana uba ambaton sunan ɗan fari ko sakin jiki da shi, ba don ƙiyayya ba. Mai karatun da ya tashi cikin wannan al'ada yana iya ɗaukar tsananin Okonkwo ga Nwoye a matsayin kara irin ta iyaye. Wajibi ne fassara ta bambanta alkunya da tsana, in ba haka ba mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa Nwoye ya bar gidan ubansa ba.