Shin Ko Kun San? Goge Asusun Mutum a Linux Ba Ya Goge Kayansa

Shin ko kun san cewa idan mai kula da kwamfuta ya rubuta userdel da sunan wani a Linux, sunan kaɗai yake cirewa? Layin mutumin zai ɓace daga /etc/passwd da /etc/shadow, inda ake ajiye jerin masu asusu da kalmomin sirrinsu, amma foldarsa da ke cikin /home tana nan daram da duk abin da ya tara. Sai an rubuta userdel -r za a haɗa da ita, har da akwatin wasiƙunsa. Kuma a nan babu kwandon shara. Abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Masu Debian da Ubuntu suna da wani umarnin, deluser, wanda na fi so saboda yana ba mutum damar yin hattara. Idan aka rubuta deluser --remove-home --backup, zai fara dunƙule kayan cikin fayil guda ya adana kafin ya share.

Ga wadda ta fi muhimmanci. Shin ko kun san Linux ba ta san kowa da suna ba? Lamba ta sani. Babban mai iko, root, lambarsa 0. Sauran mutane a Debian da Ubuntu da Fedora daga 1000 suke farawa, a tsofaffin Red Hat kuwa daga 500. Kowane fayil da lambar mai shi ake yi masa shaida. Shi ya sa bayan an goge asusu, idan ka rubuta ls -l a kan abin da ya bari, a gurbin suna sai ka ga lamba kamar 1004 tsirara.

To, wannan lamba dawowa take yi. Umarnin useradd yakan ba sabon mutum lambar da ke bin mafi girma, adduser na Debian kuma yakan ɗauki ta farko da ya tarar babu kowa a kanta. A ce akawun ofis ya bar aiki an goge shi, washegari aka buɗe wa sabon ɗan koyon aiki asusu. Idan 1004 ta faɗo masa, duk takardun albashin da akawun ya bari sun zama nasa, ya karanta ko ya goge, ba tare da ya fasa komai ba. Kamar layin wayar da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ne, kamfani ya sake sayar da shi, saƙonnin tsohon mai shi su riƙa shigo wa sabo. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, alhali maganinsa layi ɗaya ne: find / -nouser zai zaƙulo duk fayil ɗin da ba shi da mai shi, domin ko -r ba ya bin abin da mutum ya ajiye a wajen foldarsa.

Shin ko kun san userdel yana ƙin aiki idan mutumin yana da shirin da ke gudana? Akan tsayar da su da pkill -u tukuna. Akwai -f na tilastawa, amma ban ba da shawararsa ba, don yana iya barin kwamfutar a hargitse. A duba crontab ɗinsa ma, kada a bar ayyukan da ya tsara su riƙa tashi da kansu.

Sau da yawa ma rufewa ta fi gogewa. Umarnin usermod -L yana saka alamar ! a gaban kalmar sirri, sai ta daina aiki. Sai dai mai makullin SSH zai iya shiga duk da haka, don haka a haɗa da chage -E 0, wanda ke sa wa'adin asusun ya ƙare gaba ɗaya.

A Windows ma umarnin net user tare da /delete yana barin foldar mutum a C:\Users, amma can ba a sake ba wani lambar shaidar wanda aka goge, ko da sunansu ɗaya.