Lissafin da Ke Bayan Kwalbati, Bene da Burtsatse

Nazarin lissafi reshe ne na ilimin lissafi da ke bin diddigin abubuwan da ba sa tsayawa wuri ɗaya: ruwan da ke gudu a lambatu, zafin da ke ratsa bango, nauyin da ke danne ginshiƙi, cutar da ke yaɗuwa a cikin jama'a. Lissafin kasuwa yana amsa tambayar "nawa ne?" Shi kuwa wannan yana amsa tambayar "da wane sauri abin yake canzawa, kuma ina zai kai?" Shi ya sa kusan babu wani fannin kimiyya ko injiniyanci da ke tafiya ba tare da shi ba.

A Bauchi, unguwar Gwallameji da ke kan hanyar Dass na cikin wuraren da ake koyar da wannan ilimi kullum. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1979, ga kuma harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a maƙwabtaka, jami'ar da ta fara a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. Ɗalibin injiniyanci a kowace daga cikinsu sai ya sha darussan lissafi kafin a sakar masa zanen gada ko na injin. Matsalolin da darussan ke magana a kai kuwa suna nan a bakin ƙofar makarantar.

Asalin ilimin

Amfani da lissafi wajen warware matsalar rayuwa tsohon abu ne. Littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 ya ba da kaso mai yawa ga rabon gado da wasiyya da awon fili. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu da Larabci a kan ƙa'idojin tsara lambobi a hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarni na 17, lokacin da Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus, kowa da nasa aikin, suka samar da lissafin da ake kira kalkulas. Fuska biyu gare shi. Ta farko tana auna saurin canji a daidai wani lokaci, misali lita nawa ke shiga tanki a wannan daƙiƙar. Ta biyu tana tattara ƙananan canje-canje su zama jimla, wato ruwa nawa ya taru daga safe zuwa yamma ko da ƙarfin famfon yana hawa yana sauka. Daga nan masana suka fara rubuta dokokin halitta a matsayin ƙa'idojin da ke haɗa abu da saurin canjinsa. Joseph Fourier ya yi wa tafiyar zafi haka a 1822, Henry Darcy kuma ya yi wa ratsawar ruwa cikin yashi a 1856.

Matakan aikin

Mai bincike yana bin matakai huɗu. Da farko yana rage wa matsalar kaya, ya ware abubuwan da suka fi tasiri, ya ajiye sauran. Sannan ya rubuta dangantakar da ke tsakaninsu da alamomin lissafi. Wannan shi ne samfurin lissafi. Na uku ya warware shi, da biro ko da kwamfuta. Na huɗu ya gwada amsar da abin da aka auna a fili. Idan suka saɓa, samfurin ake gyarawa, domin ƙasa da ruwa ba sa bin abin da aka rubuta a takarda.

Ruwan sama da magudana

Bauchi na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Abin da ke damun injiniya mai zana kwalbati shi ne ruwan da zai zuba cikin sa'a guda mafi tsanani. Idan aka yi ruwan milimita 50 cikin sa'a ɗaya a kan fili mai faɗin hekta ɗaya, lita 500,000 ke nan suka sauka. Idan filin gona ne, ƙasa za ta iya shanye mafi yawansa, a ce kashi 20 cikin ɗari ne ya gangara, wato lita 100,000. Idan aka cika filin da ɗakunan haya masu rufin kwano da daɓen siminti, irin waɗanda ake yi wa ɗalibai a unguwannin da ke kewaye da manyan makarantu, abin da zai gangara na iya kai kashi 80, wato lita 400,000. Ruwan saman bai ƙaru ba, amma abin da magudanar za ta ɗauka ya ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa kwalbatin da ya wadatar shekaru ashirin da suka wuce yake tumbatsa a yau.

Girman magudanar kuma ana fitar da shi ne da ƙa'idar da injiniya Robert Manning na ƙasar Ailan ya gabatar a 1889. Ta nuna cewa saurin ruwa ya dogara ga zurfi da faɗin magudanar, da gangarenta, da santsin cikinta. Sai an ninka gangare sau huɗu kafin saurin ya ninka sau biyu. Shara da yashin da suka taru a kwata suna rage faɗinta kuma suna rage santsinta, don haka ɓarnarsu biyu ce.

Bim da ginshiƙi

A ginin bene, ƙa'idar lanƙwasar bim, wato gungumen da ke kwance a kan ginshiƙai, ta samo asali ne daga aikin Leonhard Euler da Daniel Bernoulli a tsakiyar ƙarni na 18. Abin da take nunawa yakan ba mai gini mamaki. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, aka bar bim ɗin yadda yake da irin nauyin da ke kan kowace mita, lotsawarsa a tsakiya za ta ninka sau 16. Idan kuwa aka ninka kaurinsa daga sama zuwa ƙasa, taurinsa zai ninka sau 8, alhali idan faɗinsa aka ninka, sau biyu kawai taurin zai ninka. Kankare yana jure dannawa sosai amma yana da rauni wajen ja, shi ya sa lissafi ke nuna inda za a sa rodi: a ƙasan bim a tsakiyar tazara, a samansa kuma a kan ginshiƙi. Mai gida da ya ce a cire ginshiƙi ɗaya don falo ya yi faɗi, ko a rage rodi don sauƙin kuɗi, ya taɓa waɗannan lambobin ne ko bai sani ba.

Neman ruwa a ƙarƙashin dutse

Birnin Bauchi yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke taruwa a cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogi. Shi ya sa burtsatse biyu da ke kusa da juna, ɗaya ta yi ruwa ɗaya ta bushe. Masu safiyo kafin haƙa suna kafa ƙarafa huɗu a jere, su tura lantarki ta biyun waje, su auna da biyun ciki, suna ƙara tazara don lantarkin ya ƙara nitsewa. Dabarar ta samo asali daga gwaje-gwajen Conrad Schlumberger a Faransa a 1912. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya wuce, busasshen dutse yana tare shi.

A nan lissafin juyi ake yi: daga sakamakon da aka gani a sama ake laluben abin da ya haifar da shi a ƙasa. Wahalarsa ita ce, tsarin shimfiɗun ƙasa iri biyu na iya ba da awo kusan iri ɗaya, kuma laka tana iya kama da ruwa a na'ura. Saboda haka safiyo yana rage caca ne, ba ya ba da tabbaci, kuma ƙwararre yakan haɗa shi da bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa a yankin. Irin wannan lissafin juyin, amma da amon girgiza, shi ake amfani da shi wajen neman mai, kamar a yankin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin haƙa a Nuwamba 2022.

Sauro da darasin Garki

Ronald Ross, likitan da ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar maleriya, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. Idan yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta mutu da kanta. An gwada wannan tunani a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, inda aka yi feshin maganin sauro a ɗakuna, aka raba magani ga jama'a, aka kuma gina samfurin lissafi na yaɗuwar cutar. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, kuma ya dawo bayan an daina. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron yana hutawa a waje, inda feshin bai kai ba. Samfurin da ya ɗauka cewa duk sauro halinsa ɗaya zai yi alkawarin da ba zai cika ba. Har yau masu binciken maleriya a duniya suna gwada samfuransu da bayanan Garki.

Kwamfuta da iyakar lissafi

Yawancin ƙa'idojin da ke bayyana ainihin matsala ba sa warwaruwa da hannu. Tun daga shekarun 1950 aka ɓullo da dabarar yanka gini ko fili zuwa dubban ƙananan sassa, kwamfuta ta lissafa kowane ɗaya, ta haɗa su. Abin da a da zai ci watanni, yanzu ɗalibi na iya yin sa a kwamfutar cinya. Sai dai manhaja ba ta san ƙasar Gwallameji ba. Idan aka ba ta adadin ruwan sama na wata ƙasa, ko ƙarfin bulo da ba a gwada ba, za ta fitar da amsa mai kyan gani wadda ba ta da amfani. Don haka aikin lissafi a kimiyya da injiniyanci yana tsayawa ne a kan abu uku: fahimtar ƙa'idar da sharuɗɗanta, awo na gaskiya daga wurin da za a yi aikin, irin su ma'aunin ruwan sama da gwajin ƙasa da bayanan asibiti, da kuma komawa fili a duba ko abin da aka hango ya faru.