Tace ruwan zartsi da hasken rana: abin da Keita za ta iya ɗauka



Duk macen da ta taɓa wanki da ruwan zartsi ta san halinsa: sabulu ba ya kumfa, wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba, gindin tukunya ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Rijiya irin wannan akan bar wa dabbobi ita, mata su ƙara nisan tafiya da jarkoki.

To akwai dabarar raba ruwa da gishirinsa ba tare da an tafasa shi ba. Wani tantani ne siriri, an naɗe shi cikin bututu kamar tabarma. Famfo ya tura ruwa da ƙarfi, ruwan ya ratsa, gishirin ya tsaya. Masana biyu, Loeb da Sourirajan, suka samar da irinsa mai aiki a Amurka wajen 1960, kuma a 1965 garin Coalinga ya fara shan ruwan rijiyar da aka tace da shi.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne lissafin wuta. Ruwan teku na da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, tace lita 1000 nasa kan ci kilowat-awa 3 zuwa 4. Ruwan zartsin rijiya bai kai ko kusa da wannan gishiri ba, saboda haka matsin da yake buƙata kaɗan ne, farantan hasken rana ma sun isa su juya famfon. Rana kuwa, Keita ba ta roƙon kowa.

Kuma ba gishiri kaɗai tantanin ke tarewa ba. Mutanen Tibirin Gobir ba su manta da sinadarin fuloraid da ya taɓa kasancewa cikin ruwan famfonsu ba, wanda ya ɓata haƙoran yara da yawa, ya lanƙwasa ƙafafun wasu. Harshe ba ya jin sa, sai awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita. Don haka kafin kwamitin ruwa ya sayi kowane inji, a fara kai ruwan a auna.

Inda nake jin tsoro shi ne ragowar ruwan. Injin kan fitar da wani kaso da gishiri ya taru a cikinsa. Tun 1984 da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a gangara, har faƙo ya koma gona. In aka saki wannan ruwa ya kwarara fadama, ƙasar da aka farfaɗo za ta sake mutuwa. A gina masa kwami mai siminti inda rana za ta busar da shi, nesa da rijiya da garka, kuma a sa kuɗin ginin tun cikin lissafin farko, tare da na canjin tantani da na matatar da ke tare laka kafin ruwa ya isa gare shi.