Ɗan Yatsan Olajuwon da Kofin NBA na 1994

Ranar 21 ga Yunin 1994, a birnin Dallas na jihar Texas, Super Eagles suka lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema, a wasansu na farko a tarihin gasar cin kofin duniya. Duk wanda yake da wayo a lokacin yana tuna Rashidi Yekini riƙe da raga yana kururuwar murna. Kashegari, a birnin Houston na wannan jihar dai, wani ɗan Legas mai suna Hakeem Olajuwon ya ɗaga kofin NBA, gasar ƙwallon kwando mafi girma a duniya. Kaɗan ne daga cikinmu suka damu da wannan labari na biyu, domin hankali ya tafi ƙwallon ƙafa. A matsayina na mai son ƙwallon kwando, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau, domin wasanni bakwai da Houston Rockets ta buga da New York Knicks sun cancanci a riƙa ba da labarinsu kamar yadda ake ba da na Yekini.

A Amurkar ma ba a yi wa wannan karawa adalci ba. Michael Jordan ya ajiye wasa a Oktoban 1993 bayan ya ci kofi uku a jere, sai mutane da yawa suka ɗauki kakar a matsayin ta riƙon ƙwarya. Ga kuma ƙarancin maki: a wasanni bakwai ɗin nan babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya. Ranar 17 ga Yuni ana tsakiyar wasa na biyar, gidan talabijin ya raba allon gida biyu don nuna 'yan sanda suna bin motar O.J. Simpson a kan titin Los Angeles. Da haka sunan karawar ya ɓaci, aka ce wasa ne na gwagwarmaya da ture-ture, babu armashi.

Ban yarda da wannan hukunci ba. Wanda yake auna ƙwallon kwando da yawan maki kaɗai ya bar rabin wasan a baya, wato tsaro. Pat Riley, mai horar da Knicks, ya gina ƙungiyar da ba ta barin kowa ya kusanci kwando cikin sauƙi. Charles Oakley da Anthony Mason ƙarti ne masu faɗin ƙirji, Derek Harper yana manne wa mai riƙe da ƙwallo tun daga tsakiyar fili, sannan Patrick Ewing yana tsaye a ƙarƙashin kwando. A wannan karawar Ewing ya doke jifa 30, abin da ba a taɓa yi ba a wasannin ƙarshe kafin nan. Daƙiƙa 24 doka ta ba kowace ƙungiya ta yi jifa, kuma sau tari sai lokacin ya kusa ƙarewa kafin a samu 'yar kafa. Kowane maki da gumi aka same shi, shi ya sa babu wasan da tazararsa ta kai maki goma.

Akwai tsohon bashi tsakanin manyan biyu, Olajuwon da Ewing. A 1984, a wasan ƙarshe na jami'o'i, Georgetown ta Ewing ta doke Jami'ar Houston ta Olajuwon da 84 da 75. A shekarar ce Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayi na ɗaya cikin sababbin 'yan wasa, Jordan kuwa na uku. Olajuwon ya kai wasan ƙarshe a 1986, Boston Celtics ta hana shi. Bayan nan shekaru suka yi ta tafiya babu kofi, har da lokacin da ya yi saɓani da shugabannin ƙungiyarsa aka yi zaton zai bar ta. A 1994 yana da shekara 31, Ewing ma haka, kuma ita Knicks rabonta da kofi tun 1973. Kowannensu ya san dama irin wannan ba lallai ta sake zuwa ba.

Abin da ya bambanta Olajuwon shi ne ƙafafunsa. Bai taso da ƙwallon kwando ba. A Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya fara jefa ƙwallo a kwando. Wannan tashe ya bar masa saurin ƙafa da ba a saba gani a jikin dogon mutum ba. Zai karɓi ƙwallo yana ba kwando baya, ya karkata kafaɗa hagu, ya juya dama, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaronsa ya yi tsalle, shi kuwa yana nan a ƙasa, sai ya ratsa ta ƙarƙashin hannunsa. Amurkawa suka sa wa salon suna Dream Shake. Da shi ya riƙa cin maki kusan 27 a kowane wasa, rabin jifarsa tana shiga, yayin da ya taƙaita Ewing a ƙasa da maki 19.

Duk da haka Knicks ce ta shiga gaba da wasa 3 da 2, aka koma Houston tana neman nasara ɗaya tak. A wasa na shida John Starks na Knicks ya kama wuta. Mutum ne da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya fito daga makaranta, har aikin zuba wa masu sayayya kaya a leda ya yi a wani kanti kafin ya samu shiga NBA. A zango na huɗu kaɗai ya ci maki 16. Saura 'yan daƙiƙu, Houston na da 86, New York na da 84, ƙwallo a hannun Starks. Ewing ya tare masa mai tsaronsa, Starks ya zame gefen hagu, ya tashi jifar maki uku. Da ta shiga, kofi ya tafi New York a daren. Olajuwon ya bar Ewing ya biyo Starks, ƙafarsa ta ɗan zame, ya miƙe, ya miƙa hannu iya tsawonsa, kan yatsansa ya shafi ƙwallon. Ba ta kai kwando ba.

Duk lokacin da na sake kallon wannan wuri a YouTube, abin da yake burge ni shi ne shawarar da ya yanke kafin tsallen. Da ya tsaya wurin Ewing babu mai zarginsa, domin nan ne aikinsa. Ya karanci cewa Starks ba zai ba da ƙwallon ba, ya ɗauki kasadar barin babban abokin karawarsa shi kaɗai. Irin wannan karatu na ƙiftawar ido aikin gola ne.

Wasa na bakwai ya ƙare 90 da 84. Olajuwon ya ci maki 25, kuma da aka taru a kansa ana dab da tashi sai ya miƙa wa Vernon Maxwell, wanda ya jefa maki ukun da suka karya lagon Knicks. Starks kuwa ya yi jifa 18, biyu kacal suka shiga. An daɗe ana ɗora masa laifin rashin kofin, kuma ina ganin an zalunce shi, domin ba don shi ba da wasa na shida bai ma zo kusa ba. Ewing ya yi ritaya bai taɓa ɗaga kofin ba, abin da ya kamata ya taɓa zuciyar duk mai son wasan nan.

Masu cewa rashin Jordan ne ya ba Houston kofi su dubi abin da ya biyo baya. A watan Fabrairun 1995 Olajuwon yana azumin Ramadan yana buga wasa, aka zaɓe shi gwarzon wata. Jordan ya dawo a watan Maris, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, ita kuma Houston, wadda ta shigo zagayen ƙarshe a matsayi na shida a shiyyarta, ta share Orlando 4 da nema.

A kakar 1994 Olajuwon ya haɗa kyautar gwarzon kaka, da ta gwarzon tsaro, da ta gwarzon wasannin ƙarshe, kuma shi ne mutum na farko da ya yi haka a shekara ɗaya. Matasanmu masu kwana kallon NBA a waya, ku nemi wasa na shida na 1994 ku kalle shi tun daga farko, ku zuba ido kan mai lamba 34 a lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa.