Garejin kamfani ko gyaran gida: Lissafin da mai mota mai garanti zai yi kafin ya ɗauki sifana

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka, riƙe mota ya zama jan aiki a Najeriya. Dalar da ake saya kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma da yake galibin kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi ta.

Masu sababbin motoci na cikin waɗanda abin ya sa a tsaka-mai-wuya: ma'aikacin da ya karɓi mota bashi ta wurin aikinsa, ɗan kasuwar da ya fitar da ita gal a leda, da direban da ke biyan motar haya kaɗan-kaɗan. Motocinsu na da garanti, amma kuɗin da garejin wakilin kamfani ke yankawa kan ƙaramin aiki yakan ninka na Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Ga kuma bidiyoyi birjik a YouTube da ke koya wa mutum sauya kaya da hannunsa.

Sai dai tsoron da ke hana mutane sakat shi ne kada a garin neman sauƙin 'yan dubbai a rasa garantin injin da gyaransa zai ci miliyoyi.

Me garanti ya ƙunsa?

Garanti alkawari ne daga kamfanin da ya ƙera mota cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin kayan da aka yi amfani da su, zai gyara ko ya sauya kyauta. Alkawarin na da wa'adi biyu, shekaru da kilomita, kuma duk wanda ya riga cika shi ne ke kawo ƙarshensa.

A Amurka, alal misali, Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Hyundai da Kia kuwa suna kai na inji da giya har shekara 10 ko mil 100,000, amma ga wanda ya fara sayen motar kaɗai. Sharuɗɗan kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ɗan littafin garantin da aka miƙa wa mai mota ranar saye shi ne abin dogaro, ba abin da ya gani a intanet ba.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, garanti ba ya ɗaukar kayan da dama can cinyewa suke yi da amfani. Takalmin birki, robar waifa, filtar iska, filtar mai, fulogi, ƙwan fitila da baƙin mai duk suna wuyan mai mota ne, ko a garejin kamfani ya je ko a ƙofar gidansa ya yi. Tayoyi ma galibi kamfanin da ya yi su ne ke da alhakinsu, ba na motar ba.

Ke nan akwai aiki iri biyu. Idan abin da ya lalace yana cikin garanti, babu wani lissafi: a kai wa kamfani, domin kyauta ne, kuma wanda ya kwance shi da kansa ya yi asarar haƙƙinsa ya kuma biya kuɗin kaya. Muhawarar ta tsaya ne a kan aikin da dole mai mota ya biya.

Me ya sa garejin kamfani ke da tsada?

Kuɗin ba na kaya kaɗai ba ne. Wakilin kamfani na biyan ma'aikatan da aka horar a kan irin motar, yana sayen na'urorin gwaji na kwamfuta da lasisin manhajarsu, yana shigo da kayan asali da kuɗin waje, ga haya da dizal ɗin janareta. Kuɗin aiki ma da awa ake lissafa shi, bisa jadawalin da kamfani ya tsara wa kowane gyara.

Abin da mai mota ke samu a madadin haka shi ne hatimi a littafin sabis da tarihin motar a kwamfutar kamfani. Ranar da inji ya buga, wannan tarihin ne ke rufe bakin gardama. Yana kuma ƙara wa motar daraja ranar sayarwa, kuma kamfanoni kan duba shi idan za su yi wa mutum alfarmar rage kuɗin gyara jim kaɗan bayan wa'adin garanti ya wuce.

Abin da doka ta ce a wasu ƙasashe

A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai fa idan kyauta yake bayarwa. Mutum na iya yin juye da kansa ko ya sa kayan wani kamfani, garantin na nan. Abin da kamfani ke iya ƙin biya shi ne ɓarnar da wannan kayan ko wannan aikin ya haddasa. Hukumar kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta tuhumi sashen MINI na kamfanin BMW kan irin wannan sharaɗi har suka sasanta a 2015, kuma a 2018 ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi, ciki har da Hyundai.

Tarayyar Turai na da irin wannan tsari a ƙarƙashin ƙa'idar gasa ta 2010, wadda aka tsawaita zuwa 2028. A Afirka ta Kudu ma, tun ranar 1 ga Yulin 2021 mai mota na da damar kai ta gareji mai zaman kansa a lokacin garanti ba tare da an soke shi ba.

A Najeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da ba su cika ƙa'idar inganci ba cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma hukumar na karɓar ƙorafi. Amma a mu'amalar yau da kullum, abin da ke rubuce a takardar garanti shi wakilin kamfani zai buɗe. Idan ta ce sai a garejin da aka amince da shi za a yi sabis, wanda ya saɓa ya shirya wa doguwar taƙaddama, motarsa kuma na ajiye.

Waɗanne ayyuka ne ba su da haɗari?

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a tambayi kai: idan wannan aikin ya kuskure, me zai lalace tare da shi?

Robar waifa, filtar iskar cikin mota, ƙwan fitila na gama-gari da batirin rimot ba su da wata alaƙa da manyan kayan da ke cikin garanti. Littafin mota da kansa yakan nuna yadda ake sauya su, kuma a nan ne rarar kuɗi ta fi fitowa fili.

Juyen baƙin mai kuwa aiki ne mai sauƙi da ke ɗauke da babban haɗari. Yawancin sababbin injuna siririn mai suke sha, irin su 0W-20 ko 5W-30, alhali a tashoshi da dama an saba da mai kauri 20W-50. Mai da bai dace ba, ko na jabu, ko filtar da ba ta da inganci, su ne hujjar farko da kamfani zai nema idan inji ya samu matsala.

Batir da birki ma ba kamar na da ba ne. Wasu motocin Jamus sai an yi wa sabon batir rajista a kwamfutarsu, da yawa daga cikin motocin da ke da birkin hannu na lantarki kuma sai an saki birkin baya da na'ura kafin a sauya takalminsa. Motoci masu haɗa fetur da lantarki na da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wuta fiye da bolt 200, waɗanda taɓa su ba tare da horo ba kan iya kisa.

Dabarun da ke cinye garanti

Akwai wasu dabaru da suka zama ruwan dare a garejojin Najeriya waɗanda babu kamfanin da zai lamunta. Cire tamostat da sunan ƙasar zafi, haɗa fankar lagireto kai-tsaye, fasa salansa a cire abin tace hayaƙin da ake kira indomi, da yanke wayoyi don sa na'urar bibiya ko manyan sifiku duk sauya ƙirar mota ne, ba gyara ba.

Haka batun mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa tun 2023. Yana rage kuɗin mai ƙwarai, amma ya shafi hanyar mai da kwamfutar inji. Mai motar da ke cikin garanti ya nemi matsayin kamfani a rubuce kafin ya kai ta.

Ina matsayin 'yan Kwatano da Beljiyam?

Mafi yawan motocin da ke kan titunan Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka da Turai. Ko da shekarunsu ba su wuce wa'adi ba, garantin ƙasar da aka fara sayar da su galibi ba ya bin su zuwa nan, waɗanda kamfanin inshora ya yi gwanjonsu bayan hatsari ko ambaliya kuwa tun can yake faɗuwa. Masu irin waɗannan motoci ba su da garantin da za su ji tsoron rasawa, abin da ya rage musu shi ne ingancin kaya da ƙwarewar bakanike.

Abu ɗaya da ya kamata su duba shi ne kiranye. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkunan iska na kamfanin Takata kusan miliyan 67, saboda zafi da laima na lalata sinadarin cikinsu har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ana iya sa lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA a ga ko tana ciki, sannan a tuntuɓi wakilin kamfanin a Najeriya.

Yadda za a yi lissafin

Ba kuɗin gareji da kuɗin kasuwa kaɗai ake kwatantawa ba. A cikin rarar sai an cire kuɗin kayan aiki, da lokacin da za a ɓata, da yiwuwar faɗawa hannun masu jabu. Abin da ya rage sai a ɗora shi a sikeli da kuɗin babban kayan da aikin ya shafa, da kuma tsawon garantin da ya saura. Motar da ke da sauran wata biyu ba ɗaya take da wadda ke da sauran shekara uku ba.

Akwai kuma hanyar tsakiya. A nemi wakilin kamfani ya rubuta farashi dalla-dalla, kaya daban aiki daban, a ware abin da jadawalin sabis ya wajabta daga abin da aka ƙara. Ana iya barin musu juye da duk abin da ya shafi inji, giya da lantarki, a riƙe ƙananan ayyuka a gida, da kayan asali da aka saya a kantinsu.

Duk wanda ya zaɓi yin aiki da kansa, ya ajiye rasit mai ɗauke da lambar kaya, ya rubuta kwanan wata da kilomita, ya ɗauki hoto, ya kuma adana tsohon kayan da ya cire. Ranar da aka zo gardama a kan wa zai biya kuɗin inji, waɗannan takardu ne za su yi masa shaida.